Bawul Takwas

Fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyarinta
tun kafin ƙanƙara ta rufe Naryn.
Cholpon ungozoma ta ce, "Kubat, cire ƙwan kawai,
abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙyamarsa."
Na ce ta bar mini motar zuwa Laraba.

Ga shi a tafin hannuna:
curin alminiyam, bai kai bulo ba,
bututu shida sun shige shi kamar jijiyoyi.
A ciki bawul takwas ke zaune,
huɗu masu tsaron ƙofar shiga,
huɗu masu buɗe ƙofar fita,
kowace taya da nata biyu.
Allurar kowanne ba ta kai tsinken ashana ba,
waya ta naɗe ta, wuta na zuwa ta ɗaga,
wuta na tafiya ta koma.

Man birkin ya yi baƙi kamar shayin jiya.
Shekara nawa ba a canza shi ba?
Ya sha raɓa, ya haifi tsatsa,
tsatsa ta riƙe allurar hagu ta baya
ta ce ba inda za ki.

Kwana biyu ina lallashinta.
Murhu na cin gawayi, yatsuna na ƙin lanƙwasa.
Na hura, na wanke, na ba ta wuta,
shiru.
Na sake.
Can cikin dare ta ce ƙyas,
ƙaramar ƙara, kamar an karya farce.
Na zauna a kan tsohuwar taya ina dariya ni kaɗai.

Mahaifina da ƙafa yake wannan aiki.
A gangaren Dolon, cikin tsohuwar babbar motarsa,
taka, saki, taka, saki,
yana cewa tayar da ta daina juyawa
ta daina jin maganar direba.
Ƙafarsa sau uku take yi kafin ya ja numfashi.
Waɗannan 'yan allurai sun fi goma
kafin ka ƙifta ido ka buɗe.

Matsa.
Tsaya haka.
Sassauta kaɗan.
Matsa kuma.

Ta dawo a watan da rana ke tashi a makare,
da ƙullin busasshen cuku a hannunta,
ba ta ko yi sallama ba.
"Ka ɓata mini birki!
Asuba, ana jirana, haihuwa ta zo da gardama,
na sha kwana sai ga dawaki sun cika hanya,
tururi na fita daga hancinsu,
titi kuwa kamar madubi.
Na taka iya ƙarfina,
sai abin ya hau rawa a ƙarƙashin ƙafata,
yana gurnani, yana ture ni,
kamar mai cewa ɗaga."

"Kin ɗaga?"

"Ban ɗaga ba. Na murɗa sitiyari,
motar kuwa ta bi hannuna.
Na wuce ta bayan wata goɗiya,
har jelarta ta shafi madubina."

"Jaririn fa?"

"Mace ce. Da ƙyar, amma ta yi kuka."

Ta ajiye cukun a kan teburin sufana ta tafi.

Na daɗe ina kallon tsohon man da na tsiyaye a kwalba.
Ɗana Sagyn yana Bishkek, hunturu na uku ke nan.
Na riƙe yaron nan da hannu biyu,
ba makaranta mai nisa, ba kiɗa, ba kwana a waje,
na taka har ƙasa ban ɗaga ba,
ya kuwa sulale a miƙe
inda ban nufa ba.

Ja da baya ga rago, an ce, ba tsoro ba ne.
Ƙarfe ma ya san wannan.

Na goge hannuna da tsumma.
Wayar na aljihun riga, lambar na nan.
Na jefa cuku ɗaya a baki, gishiri ya cika shi,
na danna,
tana ta ringi.